Ruwan Wankan Amantur

Tun hantsi gidan ya fara hucewa. Kalbubu ta ji abin a gwiwoyinta kafin ma'aunin zafi da ke rataye bayan ƙofa ya nuna komai, don matar da ta tsufa a duwatsun Narin ba ta jiran wani ɗan gilashi ya gaya mata sanyi ya shigo. Ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga. Jiya war haka ba ya taɓuwa. Yanzu kuwa ɗuminsa bai fi na shayin da aka manta a kofi ba.

Da asuba injin da ke tura ruwan zafi cikin bututan gidan ya mutu. Kwana uku ya yi yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, sannan ya yi tsit, ya bar warin ƙonanniyar waya. Ruwa ya tsaya cik a tukunyar da ke ɗakin baya, ya hau tafasa yana dukan ƙarfe, har sai da ɗanta Saginbek ya kwashe garwashin kwal da shebur ya watsar a tsakar gida. Daga nan ya tada motarsa da kyar ya nufi garin At-Bashi neman sabon inji. Da akwai murhun ƙarfe a tsakiyar ɗaki tun zamanin mijinta, amma Saginbek ya cire shi shekarar da ya dawo daga aiki a Rasha, wai zama da hayaƙi ba ci gaba ba ne. To ga ci gaban nan, ya bar su da bargo.

Manya za su jure. Amantur ne ba zai iya ba. Bakwaini ne, yau kwanansa talatin da uku a duniya, kuma har yanzu yatsunsa ba su kai kaurin tsinken ashana biyu ba. Kalbubu ta sa shi cikin hular gashin yanyawa ta marigayi mijinta, kamar yadda ake yi wa irinsa tun kaka da kakanni. Hular ma ta yi masa yawa.

Kafin Saginbek ya fita sai da suka yi ta. Ya ce a naɗe yaron a kai shi inda ke da wuta. Kalbubu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce sai dai a bi ta kanta. Jariri ba ya tsallake dokin ƙofa sai ya cika arba'in, ba a kai shi gidan mutane iska ta buge shi, idanu su yi ta yawo a kansa. 'Ya'ya shida ta haifa, ta binne biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun an fita da ita ne a kwana na ashirin, ba ta ga na talatin ba. Babu likitan da zai cire mata wannan daga rai.

Jipar, uwar jaririn, tana gefe. Suruka ba ta sa baki idan uwa da ɗa na ja-in-ja. Ta zauna a kan shimfiɗa da hular a cinyarta, tana jiran butar lantarki ta ɗumama ruwan da za ta cika kwalabe ta jera a gefen yaron. A wannan watan kowane gida na jan wuta, butar sai ta yi rabin awa tana nishi kafin ruwan ya yi ɗumi.

Dab da azahar Saginbek ya shigo, gashin bakinsa ya yi fari da ƙanƙara, da kwali a hammata.

"Guda ɗaya tak ya rage a shagon," ya ce. "Apa, in wannan ya ƙone, sai babban birni, Bishkek."

"Bakinka ya sari ƙarfe. Ka sha shayi?"

"Shayi ya jira."

Ta bi shi ɗakin baya da tocila. Injin yana maƙale a bututu kusa da tukunya, da bawul ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa. Amfaninsu ke nan, a rufe su a cire inji ba tare da ruwan gida ya zube ba. Na saman ya rufu da kyar. Na ƙasan kuwa tsatsa ta riga ta aure shi. Saginbek ya sa sifana, ya danna, ya ƙara dannawa da gwiwa, sai ji suka yi ƙas, hannun bawul ɗin ya karye ya faɗa cikin toka.

Ya yi wata kalma ta Rashanci da ba a faɗa gaban uwa, sannan ya nemi afuwa.

"Da ma na yi zargin haka, shi ya sa na sayo bawul biyu sababbi. Dole a kwashe ruwan duka. Ki tattaro mini duk abin da ke riƙe ruwa a gidan nan. Bokiti goma sha biyu ne, ni na zuba da hannuna lokacin kaka. Kada ɗigo ya zube, shi za mu mayar."

Ba rowa ce ta sa ya faɗi haka ba. Famfon unguwa ya daskare tun watan jiya, ruwa sai a kogi, inda ake fasa ƙanƙara da gatari.

"Awa ɗaya," ya ce. "In kwashe, in canza, in mayar. Kafin rana ta faɗa bayan dutse mun hura wuta."

Kalbubu ba ta buƙaci a yi mata bayani ba. Ƙarfe huɗu rana ke ɓuya a ƙauyen nan, kuma da ta ɓuya sanyi yake faɗowa gaba ɗaya, har tofi sai ya daskare kafin ya kai ƙasa. Ta kawo bokitai, da bahon wanki, da babbar tukunyar dafa nama.

Ya buɗe mazubar da ke gindin tukunya. Ruwa mai launin tsatsa ya fito da ƙarfi. Bokiti na ɗaya ya cika, na biyu, na uku. A na biyar ruwan ya sirance. Na shida ko gindinsa bai rufe ba bututun ya yi wani gunji, ya tofo kumfa, ya ƙafe.

Saginbek ya bubbuga bututun da sifana. Ya tsaya yana kallon bahon da babu komai a ciki.

"Biyar," ya ce. "Ina bakwai?"

"Wataƙila zafi ya shanye."

"Apa, zafi ba ya shan bokiti bakwai a wata biyu. Ashe shi ya sa injin ya ƙone, iska yake ta juyawa." Ya share fuska da bayan hannu. "Akwai inda ya ɓule. Bango a bushe yake, ɗakin nan a bushe yake. Saura bututun da ya bi ƙarƙashin katakon ɗakinku."

"To sai me?"

"Sai in ɓanɓare katakon in nemo. Ba zan zuba ruwa in hura wuta a kan ɓula ba, sabon ma ya ƙone. Aikin kwana biyu ne in an yi sa'a." Bai dube ta ba da ya ƙarasa. "Na biya ta gidan maƙwabcinmu Asankul, jikokinsa uku duk tari suke yi, can ba wurin jariri ba ne. Sai Narin, gidan su Jipar."

Narin tafiyar awa biyu ce, a motar da ɗuminta ba ya wuce ƙafar direba.

Kalbubu ta sa hannu a aljihun 'yar shararta mai auduga. Abin yana nan, ɗan ƙarfe mai kunne biyu, ya ɗauki ɗumin jikinta.

Babu wata ɓula. Ta san inda bokiti bakwai suka tafi, don ita ta kai su.

A gefen ƙarfen ɗumi na ɗakin jariri akwai wani ɗan famfo na fitar da iska. Da kaka Saginbek ya kwance kansa ya jefa saman kabad, ya tara su ya yi musu huɗuba, kada wanda ya ɗebi ruwa a nan ko da na wanke cokali ne. A ranar har tsawa ta yi masa, ta ce ita ba yarinya ba ce da za a koya mata zaman gida. Sai ga Amantur ya zo kafin lokacinsa. Jariri kuwa dole a yi masa wankan ruwan gishiri kowace safiya har arba'in, don fatarsa ta yi ƙwari, ƙashinsa ya kama. Ga ɗirzan tsummokinsa sau uku a rana. Ga buta tana nishi ba ta tafasa. Ga ruwan zafi kuma a nan kusa, taku biyu daga shimfiɗa. Shekara talatin ta yi a benen ma'aikata a Narin lokacin da mijinta ke aiki can, kuma babu matar da ba ta tara baho a ƙarfen ɗumi ba. A nan suka yi wanki, a nan suka wanke 'ya'ya, Saginbek ɗin ma da shi aka wanke shi. Ruwan bai taɓa ƙarewa ba, ko ta taɓa tambayar wanda ke mayar da shi? Ta hau kujera ta lalubo kan famfon. Kullum da safe in ɗanta ya fita wajen tumaki sai ta ɗebi 'yar roba ɗaya, ta bar tsatsar ta kwanta, ta goge famfon tas da tsumma. A ranta ruwan bututu daga wani wuri yake zuwa.

Jipar na gani tun ranar farko. Ba ta taɓa ɗaga ido ba.

"Haska mini nan, Apa."

Ya ce bari ya ɗaura injin tun yatsunsa na lanƙwasuwa. Ya kwance tsohon, ya ajiye shi gefe, baƙi ƙirin a ciki. Bawul na ƙasa sai da ya gasa shi da wutar gas kafin ya yarda ya juya. Ya kankare bakin bututun, ya naɗa zaren rama a kan haƙoran bututun, ya shafa mai, ya murɗa sabon bawul har ya zauna daram. Ya yi wa na saman haka. Kalbubu na riƙe da tocila.

Sau biyu ta buɗe baki. Na farko ta ce, "Balam, ɗana," ya ce, "Na'am," sai ta ce ya kula da yatsansa. Na biyu ko sautin bai fito ba. Shekararta sittin da bakwai, tana faɗa ana ji a gidan nan. Da safen nan ta tare ƙofa ta ce ita ta san abin da ke kashe jarirai. Yanzu ta buɗe wannan bakin ta ce ita ce? Kunya da tsoro suka hana ta, kuma ta tsani kanta a kan duka biyun.

Ya duba kibiyar da ke jikin sabon injin, ya juya shi ta fuskanci inda ruwa ke tafiya, ya sa robobin bakinsa, ya ɗaure noti biyu, ya haɗa waya. Injin ya zauna ja wur, sabo fil, ba shi da abin turawa.

"Shi ke nan wannan," ya ce. Ya ɗauki dogon ƙarfen ɓanɓarar katako da ke jingine a lungu.

Ta bi shi ɗaki. Numfashinsu ya fara fita fari a cikin ɗakin kansa. Hasken rana ya bar shimfiɗa ya hau bango, ƙarfe biyu da rabi ta wuce. Saginbek ya naɗe dardumar gashi da ƙafa, ya ce da matarsa, "Haɗa kayansa. Bargo uku, kwalaben nan, duk ki sa. Zan cire katako biyu in gani, in ban samu ba mu kama hanya tun da sauran haske."

"Ya ƙi kama nono," Jipar ta ce a hankali. "Tun ɗazu. Ko kuka ba ya yi."

Kalbubu ta duƙa ta zura yatsa cikin hular. Hancin yaron sanyi ƙalau, leɓɓansa sun dushe. Ya buɗe ido rabi ya mayar. Ta san wannan shirun, ta taɓa jin irinsa shekara arba'in da suka wuce, kuma gara mata kuka dubu da shi.

Saginbek ya cusa bakin ƙarfen tsakanin katako biyu ya danna. Ƙusa ta yi ƙara.

"Baban Amantur, tsaya."

Muryar Jipar ce, amma ba irin wadda suka saba ji ba. Kanta a sunkuye yake, hannunta a kan hular.

"Kada ka fasa. Babu ɓula. Ni nake ɗiba a famfon can, kullum da safe. Ka mayar da ruwa kawai ka hura wuta."

Ƙarfen ya faɗi a katako. Saginbek ya miƙe a hankali.

"Ke?"

"Ni."

"Na tara ku na faɗa ko ban faɗa ba? Da bakin nan nawa! Ke da kika yi makaranta, ke da kika san abin da inji yake? Tun asuba ɗanki yake daskarewa, kina zaune kin yi mini shiru kamar tunkiya! Da na fasa ɗakin nan fa? Da na sa shi a mota ya mutu a hanya fa? Wace irin uwa ce ke?"

Jipar ta ƙara sunkuyar da kai. Hawaye ya sauka a gashin hular, ta share shi da yatsa don kada ya jiƙa yaron.

An ba Kalbubu mafita a hannu, kyauta. Ruwa za a mayar, wuta za a hura, yaro ba zai fita ba, girmanta kuma na nan ba a taɓa shi ba. Abin da kawai za ta yi shi ne ta ci gaba da yin shiru, abin da ta yi ta yi tun azahar. Ta dubi wuyan yarinyar nan da ke sunkuye, 'yar shekara ashirin da biyu, jego ko arba'in bai yi ba, an tambaye ta wace irin uwa ce ita.

Ta ciro abin daga aljihu ta ajiye a kan katako, tsakanin ƙafafun ɗanta. Ya ɗan gangara ya tsaya.

"Tambaye ta da me take buɗewa," ta ce. "Tsayinta ma bai kai saman kabad ba ko ta hau kujera. Ni ce. Kwana talatin da uku, roba ɗaya kullum, wani lokacin biyu. Da shi nake masa wankan gishiri. Kelin, surukata, ba ta taɓa famfon nan ba, rufa mini asiri take yi. Tun da ka ce bokiti biyar na sani, na tsaya ina haska maka tocila."

Saginbek ya dubi kan famfon, ya dubi uwarsa. Bakinsa ya motsa. Duk maganganun da ya zazzaga wa matarsa suna nan a ɗakin, kuma babu ɗaya da zai iya juyawa ya faɗa wa wadda ta haife shi. Da ya faɗa ɗin ma da ya fi mata sauƙi.

"Apa," ya ce kawai.

"Bar Apa. Nawa ya rage kafin rana ta faɗi?"

"Awa ɗaya da 'yan mintoci."

"Hau rufi ka fara mayar da biyar ɗin a tanki. Kelin, buɗe rigarki ki sa shi a ƙirjinki, fata da fata, ki lulluɓa da hular." Ta ɗaure ɗankwalinta tam. "In rana ta faɗi ƙarfen nan bai yi ɗumi ba, ni zan ɗauke shi da hannuna in tsallake ƙofar, in zauna a motar har Narin. Na faɗa."

"Apa, ku zauna, ƙafarku," Jipar ta ce.

"Ƙafar da ta hau kujera ta iya zuwa kogi."

Ta ɗauki sandar dako da bokiti biyu da gatari. Ramin da aka fasa da safe ya sake rufewa, sai da ta sare shi. Zuwan farko ta yi shi da ƙarfin hali. A na biyu ruwan da ya fantsama a siket ɗinta ya daskare, yana dukan ƙwaurinta kamar katako. Asankul ya hango ta daga garkensa, ya yi mata kirari da amaryar bana, ya tambaya ko surukar ce ta kore ta aiki. Da ya ga fuskarta ya bar wasan, ya ɗauko nasa bokitan ya biyo ta. Tana miƙawa, Saginbek na hawa tsani yana juyewa a tankin rufi, bututu na gunji yana haɗiya. Na bakwai ita ta kawo shi, ba ta yarda kowa ya karɓa ba.

Ya bi ƙarafan ɗakuna ɗaya bayan ɗaya yana fitar da iska. Da ya zo na ɗakin jariri ya tsaya, ya duƙa ya ɗauki kan famfon daga inda ta ajiye shi, ya buɗe da shi har iska ta gama huci ruwa ya biyo, ya rufe, ya sa shi a aljihunsa. Ya koma baya ya buɗe sababbin bawul biyu, ya shafa gindinsu da yatsa, babu ɗigo. Ya hura wuta da ƙirare, ya ɗora kwal kaɗan kaɗan, don ruwan kogi ne a tukunyar, ba a yi masa gaggawa. Sannan ya kunna injin.

Ba su ji komai ba. Kalbubu ta riƙe numfashi. Ya ɗora kan sifana a jikin injin ya kara kunnensa a ɗaya gefen.

"Yana juyawa," ya ce. "Ruwa yake turawa."

Rana ta taɓa kan dutse. Kalbubu ta sa babbar rigarta ta fita, ta ɗaura ɗamara, ta ajiye takalmanta a bakin ƙofa suna kallon waje, sannan ta durƙusa gaban ƙarfen ɗumi ta ɗora hannu. Sanyi. Inuwa ta cinye tsakar gida, ta hau taga. Yatsunta sun mutu da sanyin kogi, ba ta ma san ko za su ji ɗumin in ya zo ba.

"Kelin, zo ki taɓa. Nawa hannun ba ya ji."

Jipar ta matso da yaron a ƙirji, ta ɗora hannunta kusa da na tsohuwar. Saginbek na tsaye a ƙofa da makullin mota.

"Ta nan ƙasa," Jipar ta ce. "Apa, ta nan ƙasa ya fara."

Ta kama hannun Kalbubu ta kai shi wurin, ta danne shi da nata. Da farko ba komai, sannan yatsun suka fara zugi.

Sun daɗe a haka, har farin numfashinsu ya daina fita. Can cikin rigar Jipar wani abu ya motsa, ya yi atishawa, sannan ya tsala kuka, siriri mai kaifi, na wanda ya tuna yana jin yunwa. Jipar ta hau jijjiga shi da sauri tana shi-shi-shi, don ta san tsohuwar ba ta son a bar jariri yana kuka.

Kalbubu ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, 'yata," ta ce. "Bar shi ya yi."